Makbet ya san kisan nan zalunci ne tun kafin ya ɗauki wuƙa, to wa za mu ɗora wa laifi?

Dalibar_Adabi:
Salam 'yan uwa. Jiya da daddare na gama karanta wasan Makbet na Shekisfiya karo na biyu saboda muna da jarrabawa a kansa, kuma wallahi har yanzu abin bai bar min zuciya ba. A ajinmu kusan kowa cewa yake matarsa ce ta jefa shi cikin kisan sarki, wasu kuma su ce matsafan nan uku ne da suka tare shi a hanya. Ni kuma inda ya tsaya min shi ne kashi na 1 fitowa ta 7, lokacin da sarki Dankan na Sikotilan yake cikin gidan Makbet yana cin abinci shi kuma ya zame ya fito waje yana magana shi kaɗai. Da bakinsa ya lissafo komai, ya ce mutumin nan ɗan uwana ne, sarkina ne, sannan baƙona ne, ni ya kamata in rufe ƙofa in tsare shi daga makashi ba wai in zama ni ne mai riƙe da wuƙar ba, ya ce Dankan bai zalunci kowa ba a mulkinsa, ya ce ba ni da wani dalili sai buri kawai. Har ya ce wa matar an fasa. Amma kafin a gama fitowar ya yarda. To mutumin da ya san gaskiya haka dalla-dalla ta yaya za a ce wani ne ya ja shi? Dan Allah masana ku taimaka min.

DanKurmi92:
Matar ce mana ƙanwata, ke da kanki kin faɗa ai, ya ce an fasa ta zo ta zuga shi. Da ta yi shiru da Dankan ya kwana lafiya ya tashi lafiya ya hau dokinsa.

Bazazzagiya:
@DanKurmi92 dama na san sai an fara da mace. To ka koma kashi na 1 fitowa ta 3 ka duba, tun a filin da matsafan suka gaishe shi da sarautar Kawdo, da manzannin sarki suka zo suka tabbatar masa an ba shi sarautar, nan take ya fara raya kisa a ransa har ya ce tunanin yana sa gashin kansa tashi zuciyarsa na dukan haƙarƙarinsa. A lokacin matar tana gida ba ta ma san an yi ba, wasiƙarsa ce ta kai mata labari daga baya. Kuma su matsafan ba su ce masa ka kashe kowa ba, cewa suka yi za ka zama sarki, shi kenan. Wa ya sa masa wuƙa a cikin maganar?

DanKurmi92:
Na yarda ya raya, amma raya abu daban aikatawa daban Hajiya. Wanene a cikinmu bai taɓa raya mugun abu ba ya yi a'uziyya ya wuce? Ita ce ta san inda za ta taɓa shi, ta ce masa kai ba namiji ba ne, matsoraci, ta ce ita da ta yi rantsuwa irin tasa ko jaririn da take shayarwa ne za ta iya fizge shi daga nono ta rotsa masa kai. Soja guda da aka gama yabon jarumtarsa a fagen fama a ce masa rago a cikin gidansa, ai ta gama da shi.

Malam_Na_Sakandare:
Ku bari in sa baki, shekara goma sha ɗaya ina koyar da adabin Turanci kuma na karantar da wannan wasan ba sau ɗaya ba. Ku biyun duk kuna da hujja amma akwai ma'aunin da marubucin ya ajiye mana da kansa, shi ne Banko, abokin yaƙin Makbet. Tare suke tafiya, tare aka yi musu bushara, shi an ce masa ba zai yi sarauta ba amma zuriyarsa za su yi. Me Banko ya ce? Ya gargaɗi abokinsa cewa ma'aikatan duhu sukan faɗa maka gaskiya a ƙaramin abu don su samu amincewarka sannan su hallaka ka a babba. Kuma a daren kisan mun ji Banko yana roƙon a tsare shi daga mugayen tunanin da suke zuwa masa in ya kwanta, wato shi ma abin yana masa yawo a kai amma ya kai ƙara sama. Magana ɗaya aka jefa a zukata biyu, ɗaya ta tsiro ɗaya aka danne ta. Ni a nan nake nuna wa ɗalibaina cewa zaɓi ne.

Abu_Sadiq_Maradi:
Malam Allah ya ƙara basira, amma ni Banko bai fita fes a wajena ba. A farkon kashi na 3 shi kaɗai yana cewa yana zargin Makbet ta mummunar hanya ya samu sarautar, to me ya hana shi faɗa wa sauran hakimai? Shiru ya yi don yana tunanin tunda ta Makbet ta tabbata to tashi ma ta 'ya'yansa za ta tabbata. Shi ma buri ne ya ɗaure masa baki, nasa dai bai kai ga jini ba.

Malam_Na_Sakandare:
@Abu_Sadiq_Maradi wannan gyara ne mai kyau kuma na karɓa. Akwai ma wani abu a bayansa. A littafin tarihin Holinshed da Shekisfiya ya ɗauko labarin, Banko yana cikin waɗanda suka taya Makbet kashe Dankan. To sarkin da ke kan gadon Ingila lokacin da aka rubuta wasan wajen 1606 shi ne Jemis na ɗaya, wanda dama sarkin Sikotilan ne ya haɗa da Ingila a 1603, kuma gidansu suna ɗaukar Banko a matsayin kakansu. Ƙungiyar wasan Shekisfiya kuma a ƙarƙashin sarkin take har sunanta mutanen sarki. Ka ga ba zai fito da kakan uban gidansa a matsayin maci amana ba, sai ya wanke shi, amma ya bar ɗan tabon nan da ka hango.

Ummu_Hanan:
Ni tambayata ta daban ce, naga wasu suna cewa mayu wasu matsafa. Wanne ne daidai? Don a Hausa maye kurwa yake kamawa, waɗannan kuwa banga sun kama kurwar kowa ba

Baffan_Yara:
Ummu Hanan gaskiyarki. Aikin da suka yi a wasan aikin 'yan duba ne da bokaye, su faɗa maka gobe su bar ka da ita. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne karon farko su suka tare shi, karo na biyu kuwa shi da ƙafarsa ya tafi neman su. Haka abin yake ko a nan, mutum zai fara da "kawai dai in ji me zai ce" daga nan ba ya iya yanke shawarar komai sai ya koma. Ba banza ba hadisi ya zo a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wajen ɗan duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba. Ku dubi abin da suka ba shi a zuwa na biyu, wai babu wanda mace ta haifa da zai iya cutar da shi, kuma ba za a ci shi da yaƙi ba sai dajin Barnam ya taso ya zo tudun Dansinen. Ya saki jiki. Ashe sojojin Malkom ɗan Dankan rassan itace za su sara su riƙe don ɓoye yawansu, shi kuma Makdaf, hakimin da ya kashe Makbet a ƙarshe, farke cikin uwarsa aka yi aka ciro shi kafin lokaci. Ba su yi masa ƙarya ba kuma ba su faɗa masa gaskiya ba.

Injiniya_KD:
Ni fa ina da matsala da yadda ake koyar da wasan nan, sai a nuna wa yara kamar buri kansa ne laifi. Mu da muke fama da matasa su tashi su nemi na kansu kuma a zo a ce musu ga ƙarshen mai buri an sare masa kai? In ba buri wa zai yi karatu wa zai buɗe shago wa zai tsaya takara

Bazazzagiya:
Injiniya ai Hausa ta riga ta raba mana, akwai himma akwai buri akwai dogon buri akwai kwaɗayi akwai son zuciya, kowanne da gurbinsa. Ba a taɓa zagin mai himma ba. Makbet da himma ya samu sarautar Kawdo, da takobinsa ya kare ƙasarsa sarki ya saka masa, wannan halas ɗinsa ne. Inda ya karkace shi ne da Dankan ya naɗa ɗansa Malkom magaji, nan ya ce wannan tudu ne a gabana ko in faɗi a kansa ko in tsallake shi, har yana roƙon taurari su ɓoye haskensu kar a ga abin da ke ransa. Duk burin da sai ka roƙi duhu kafin ka kalle shi ai ka san sunansa.

Injiniya_KD:
Toh na gane bambancin. Amma har yanzu ina ganin malamai su dinga fito da shi ƙarara a aji

Mai_Neman_Gafara:
Ban saba rubutu a nan ba sai dai karatu amma yau zan yi. Masu cewa wai ta yaya mutum zai san abu zalunci ne kuma ya yi, ni na sani don na yi. Ba kisa ba ne amma cin amana ne. A wajen aikinmu akwai wani dattijo da shi ya ɗauko ni tun ina sabon shiga, shi ya koya min rubuta rahoto, ranar auren ƙanwata har gida ya zo da gudummawarsa. Aka zo ana son a kawar da shi daga kujerarsa, aka kira ni aka nuna min wata takarda da ke cewa wasu kaya sun salwanta a hannunsa, aka ce in sa hannu a matsayin shaida kuma aka nuna min cewa kujerar ni za ta dawo wa. Na san kayan ba a hannunsa suka ɓata ba. Kwana biyu takardar tana cikin jakata, daren farko na ce wallahi ba zan sa ba har na ji sanyi a raina na yi barci, washegari wani abokin aikina ya ce min kai dai ba za ka taɓa ci gaba ba da wannan sanyin naka, yaran da suka zo bayanka duk sun wuce ka. Da la'asar na sa hannu. Biron ma na tuna shi shuɗi ne mai murfi a tattaune. Ba abokin nan ne ya sa ni ba, ya dai faɗi abin da nake so wani ya faɗa min ne. Na samu kujerar, na yi shekara uku a kanta kuma ban taɓa zama a kai na ji daɗi ba, in na ji an yi dariya a ofishin gefe sai in ɗauka da ni ake. Wajen da Makbet ya dawo daga ɗakin sarki yana ce wa matarsa ya ji wasu masu barci sun farka suna addu'a ya so ya ce amin amma kalmar ta maƙale masa a maƙogwaro, da na karanta wajen rufe littafin na yi. Bara na haɗu da dattijon a wajen jana'iza shi ya fara miƙo min hannu yana tambayata yara. Na je gidansa bayan sati na faɗa masa komai, ya ce ya sani tun lokacin kuma ya yafe, amma shekarun da ya yi a gida ba albashi da sunan da aka ɓata masa fa, ban san yadda zan biya ba.

Ummu_Hanan:
Allahu akbar. Allah ya yafe mana baki ɗaya ɗan uwa, ka yi ƙoƙari da ka je ka same shi, da yawa ba sa iyawa

Baffan_Yara:
@Mai_Neman_Gafara Allah ya karɓi tubanka. Shawarata in akwai hanyar da za ka rubuta a hukumance ka janye shaidar nan ko da zai taɓa ka, ka yi, don sunansa ya wanku a takarda kamar yadda aka ɓata shi a takarda. Kuma ka gode wa Allah da zuciyarka ta ci gaba da zarginka, ita ce nafsul lawwama da Allah ya yi rantsuwa da ita a suratul Ƙiyama. Shi Makbet inda ya hallaka shi ne da ya ce ya riga ya nutsa cikin jini har komawa baya ta yi masa wahala daidai da ƙarasawa gaba, sai ya zaɓi gaba. Kai ka juyo.

Dalibar_Adabi:
Yaya Mai Neman Gafara na gode da ka buɗe mana cikinka, maganarka ta "ya faɗi abin da nake so wani ya faɗa min" ta amsa min rabin tambayata. Kenan da Makbet ya ce wa matarsa an fasa, anya da gaske yake ko so yake ta ture masa uzurin?

Abu_Sadiq_Maradi:
Ki lura da dalilin da ya ba ta. Shi kaɗai yana maganar amana da zumunci da hukuncin da zai biyo baya, amma da ta shigo sai ya ce mata sarki bai daɗe da karrama ni ba kuma mutane suna yabona yanzu bai kamata in zubar da wannan ba. Bai faɗa mata ainihin abin da ke cin sa ba, ya ba ta dalili mai rauni wanda ya san za ta iya rushewa. Sannan tambayar da ya yi bayan ta gama faɗa ita ce to in muka kasa fa? Daga haramun ne ya koma in an kama mu fa. Tana kawo dabarar a bugar da masu gadi da giya a ɗora musu laifin sai ya amince.

DanKurmi92:
Duk na ji amma kar ku wanke matar nan tas dan Allah, mace da ta tsaya tana kiran aljanu su cire mata tausayin mata su cika ta da mugunta

Bazazzagiya:
Ba wanda ya wanke ta Malam, tana da kasonta babba. Amma ka tambayi kanka me ya sa sai da ta roƙi a cire mata tausayin, ai don akwai shi ne. Ita ce ta shiga ɗakin ta ajiye wuƙaƙen ta fito tana cewa da bai yi kama da mahaifina a cikin barcinsa ba da ni zan yi. Kuma bayan Dankan wane kisa aka yi da shawararta? Kisan Banko ɓoye mata ya yi ya ce kar ki sani sai an gama ki yaba. Matar Makdaf da 'ya'yansa da aka yanka a gidansu ba su ji ba ba su gani ba, shi kaɗai ya yanke wannan don haushi kawai, ba ma wata riba a ciki. Ita tana raguwa shi yana ƙaruwa. Wadda ta ce ɗan ruwa kaɗan zai wanke mu daga wannan aiki ita ce ta ƙare tana yawo cikin barci tana murza hannu.

Malama_Rabi_GGSS:
Wannan fitowar ta tafiya cikin barci mun taɓa yin ta a makarantarmu ta 'yan mata ranar bikin yaye ɗalibai, na fassara musu ita da Hausa da kaina. Ba mu da kayan wasa, zoɓo muka dafa mai kauri ya zama jini a fitowar kisan, fitilar ƙwai kuma ta zama kyandir ɗinta. Yarinyar da ta fito a matar Makbet 'yar aji biyar ce mai shiru-shiru, ta fito da farin zane ba takalmi idonta a buɗe amma ba ta kallon kowa, ta ajiye fitilar a ƙasa ta fara murza tafin hannunta tana shinshinawa tana cewa har yanzu da ƙarnin jini, duk turaren ƙasar Larabawa ba zai gyara ɗan hannun nan ba, wa ya zaci tsohon nan yana da jini da yawa haka. Ɗakin taron nan da ake ta surutu da kukan yara sai ya yi tsit. Wata tsohuwa a layin gaba, kakar wata ɗaliba ce da ba ta taɓa jin sunan Shekisfiya ba, ta ɗaga murya ta ce alhaki kwikwiyo ne. Kuma likitan da ke cikin wasan abin da ya faɗa kenan da wasu kalmomin, ya ce wannan ta fi buƙatar malamin addini a kan likita.

Tarihi_Zalla:
Abu ɗaya da nake so a sani, Makbet na gaskiya ba haka yake ba. Ya mulki Sikotilan daga 1040 zuwa 1057, shekara 17 kenan, kuma Dankan a fagen yaƙi ya mutu kusa da Elgin ba a kan gado a gidan mai masauki ba, sannan ba tsoho ba ne a lokacin. A 1050 har ziyarar ibada Makbet ya je Rum inda aka rubuta cewa ya raba wa talakawa kuɗi kamar mai watsa iri, sarkin da ƙasarsa ke cikin rikici ba zai yi wannan doguwar tafiyar ba. Malkom ɗan Dankan ya kashe shi a Lumfanan a 1057. Wasan ya ɓata wa bawan Allah suna har yau.

Malam_Na_Sakandare:
Haka ne @Tarihi_Zalla, kuma sauyin da marubucin ya yi da gangan ne. Da ya bar shi a yaƙi da ba abin da za mu tattauna, sarakuna sun saba karawa. Sai ya mai da sarkin tsoho mai kirki, ya kawo shi gidan mutumin a matsayin baƙo, ya sa shi barci, don kar a bar wa Makbet ƙofar uzuri ko ɗaya. Mu da muke cewa baƙonka annabinka ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ku tuna kuma a watan Nuwamba 1605 aka bankaɗo makircin tarwatsa majalisar Ingila da albarushi da sarki Jemis a ciki, to masu kallo a Landan maganar kashe sarki ba tatsuniya ba ce a wajensu.

Hajjo_Damagaram:
Ni tambayar da ke damuna tunda aka fara, da bai kashe ba zai zama sarkin? Don shi da kansa ya faɗa da farko cewa in rabo na so in zama sarki rabo zai naɗa ni ba sai na motsa ba. Zakaran da Allah ya nufa da cara ai ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Me ya hana shi jira

Injiniya_KD:
Hajiya naɗin Malkom ne ya hana shi, ya ga kamar an rufe ƙofa

Hajjo_Damagaram:
To ai nan ne imaninsa da maganar matsafan ya zama rabi-rabi, ya yarda da su har ya yi kisa amma bai yarda da su har ya zauna ya jira ba. Haka ya yi da Banko, in maganarsu gaskiya ce kashe ɗan Banko ba zai yiwu ba, in ƙarya ce to me ya kai shi. Yaron kuwa ya tsere.

Baffan_Yara:
Ni da na haura sittin wajen da ya fi taɓa ni ba jinin ba ne, kashi na 5 ne inda yake zaune a fada ana ta gudu ana barinsa ya ce rayuwarsa ta zama busasshen ganye, abubuwan da ya kamata su raka mutum tsufa, girma da ƙauna da biyayya da tarin abokai, shi kam kar ya sa rai, sai tsinuwa a ɓoye da girmamawar baki. Har aka zo aka ce masa matarsa ta rasu bai iya kuka ba. Mutumin da a farko muryarsa ke rawa don ya kasa cewa amin.

Dalibar_Adabi:
Baffa wannan wajen ni ma na ja masa layi. Amma har yanzu ina da sauran ruɗani, in shi ne mai laifin gaba ɗaya me ya sa nake jin tausayinsa a ƙarshe fiye da yadda nake murna da Malkom? Mutumin da ya sa aka kashe ƙaramin yaro a gaban uwarsa fa. @Malam_Na_Sakandare in na rubuta haka a jarrabawa za a ce na kauce?

DanKurmi92:
Ni dai ban ji tausayinsa ba ko kaɗan, matar Makdaf nake tausayi da mijinta ya gudu Ingila ya bar ta da yara ba ko sallama. Shi ma Makdaf ɗin a tambaye shi

Malam_Na_Sakandare:
Ba ki kauce ba 'yata, ki rubuta amma ki kawo hujja daga fitowar da kika fara kawo mana da kuma wadda Baffa ya ambata, ki jera su gefe da gefe. Maganar Makdaf da DanKurmi ya taso kuwa ku bari in dawo daga masallaci, don akwai abin da ya faɗa wa Malkom lokacin da aka kawo masa labarin iyalinsa da nake so Bazazzagiya ta duba, ya shafi maganar nan ta waye namiji da kuka fara da ita.